Wayata ta sanƙare, kuma muryar mahaifiyata na ciki

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, ina sayar da atamfofi da leshi da mayafai daga gida, kusan duk cinikina a WhatsApp nake yinsa. Wayata Android ce, ta shekara uku a hannuna. Tun kafin azumi ta fara nauyi, tana yawan nuna mini wuri ya cika, ban mayar da hankali ba. A hutun nan ƙanin maigidana da ke zaune wurinmu, ɗan sakandare ne, ya riƙa ara yana buga gem, ashe har wasu manhajoji ya turo mata ta Xender daga wayar abokinsa. Daga nan sai tallace-tallace suka fara faɗowa, tana zafi, tana tsayawa cak. Yanzu in ta sanƙare ko na taɓa ba ta motsi, sai caji ya ƙare ta mutu. In na sa caji ta kunnu, minti kaɗan za ta yi ta sake sanƙarewa. Batirinta ba a cirewa.

Anti, lissafin duk masu bashina yana cikin hirarrakin wayar nan. Abin da ya fi ci mini rai kuma, saƙonnin muryar mahaifiyata da Allah Ya yi wa rasuwa bara suna ciki. Mai gyara ya ce sai filashin, komai zai tafi, kuma in bar masa ita da lambar buɗewa. Maigida ya ce waya ce kawai, ƙarshen wata zai saya mini sabuwa. Na yi wa yaron faɗa sosai, magana ta kai kunnen Hajiya surukata, yanzu ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. In yarda a yi filashin ɗin? Yaron kuma ya dace in ce ya biya kuɗin gyara?

Wata 'yar'uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Mama, Ya yi mata rahama, Ya ba ku haƙurin rashi.

Amsar tambayarki ta farko a'a ce, kuma ina so ki riƙe ta da ƙarfi: kada ki bari a yi wa wayar nan filashin yanzu. Filashin goge waya ne a sake zuba mata manhajar da take tafiya a kai. Wayoyin Android na shekarun nan suna kulle abin da ke cikinsu da wani mabuɗin sirri, in aka goge mabuɗin ya tafi tare da su, don haka duk wanda ya ce miki "bari a goge, daga baya ma dawo da su" alkawarin da ba zai iya cikawa ba yake yi. Wayarki kuwa tana kunnuwa, tana ba ki 'yan mintoci kafin ta tsaya. Ke kina ganin mintocin nan ba komai ba ne. A wurina su ne dukiyarki, don da su za a kwaso kayan ciki. Aikin da ke gabanki guda biyu ne, kuma kowa a gidan ya haɗe su wuri guda: fito da kaya daban, gyaran waya daban. Na farko shi ke gaba, na biyun ko bai yiwu ba asararsa kuɗi ce kawai.

Kafin ki sake taɓa wayar ma, ari ta maigida ko kwamfutar wani amintacce ki shiga da adireshinki na Gmail. Ki duba Google Photos, ma'ajiyar hotuna ta Google, ki kuma duba Google Drive wurin da aka rubuta Backups, wato kwafin ajiya na abin da ke waya. Mutane da yawa sun amince wa WhatsApp ya riƙa yi musu ajiya tun ranar da suka buɗe shi, sun manta. In kin ga ajiyar WhatsApp a wurin, ba za ki iya buɗe ta ki saurara ba, amma za ki ga ranar da aka yi ta ƙarshe, kuma irin wannan ajiya tana ɗauke da saƙonnin rubutu da na murya da hotuna. Sai dai Google gigabait 15 yake bai wa kowa kyauta, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp a cikin wannan kason take ci, don haka mai sana'a irinki da hotunan kaya suka yi wa yawa tana iya tarar da ajiyar ta daɗe da tsayawa. Ko da ta tsaya, in ranar ta zo bayan saƙonnin Mama, hankalinki ya kwanta rabi.

A nan akwai tarkon da nake jiye miki. Kada ki yi gaggawar sa layinki a wata waya ki buɗe WhatsApp don ciniki ya ci gaba. Da zarar kin buɗe a can zai rufe a tsohuwar. In kuma ya tambaye ki ko ya dawo da ajiya kika danna tsallakewa saboda ƙarancin data, sabuwar ajiyar da zai yi daga baya tana iya hawa kan tsohuwar ta maye gurbinta. Kwastomomi za su iya jira kwana biyu, ki kira masu muhimmanci ki faɗa musu waya ta sami matsala.

Sai mu zo kan wayar. Ba sai kin jira caji ya ƙare ba duk lokacin da ta tsaya, barin batir yana mutuwa ƙurmus a kai a kai ma wahalar da shi ne. Duk wayar da ba a cire batirinta tana da hanyar tilasta mata ta mutu ta tashi, kuma wannan ba ya goge komai. In Samsung ce, ki danne maɓallin kunnawa da na rage murya tare, ki riƙe fiye da daƙiƙa 7. In Tecno ce ko Infinix ko itel da makamantansu, ki danne maɓallin kunnawa shi kaɗai ki riƙe, kada ki gaji, yana iya kai daƙiƙa 30 kafin sikirin ya yi baƙi, in ya ƙi ki haɗa da na rage murya. (Masu iPhone da ke karanta mu, daga 8 zuwa sama: a danna na ƙara murya a saki, a danna na ragewa a saki, sannan a riƙe na gefe har tambarin Apple ya fito.) In garin danne-danne kika faɗa wani baƙin shafi mai ƙananan rubutun Turanci, kada ki tsorata, ki nemi Reboot system now ki zaɓa. Layin da ke cewa Wipe data ko Factory reset shi ne filashin ɗin da muke gudu, hannunki kada ya je wurin.

Kafin ki kunna ta, ki cire mata riga, ki zare sim da memori in akwai, ki ajiye ta wuri mai sanyi ta huce. Ba firij ba, inuwa ta isa. Zare sim ɗin dabara ce: waya na kunnuwa data ke hawa, saƙonnin guruf-guruf su fara kwararowa, manhajojin talla su farka su fara jawo nasu, ita kuwa babu wuri babu ƙarfi, sai ta sanƙare. In babu intanet, rabin nauyin ya sauka. In akwai Wi-Fi a gidan a kashe shi. Memori kuma, musamman irin na jabu mai araha, shi kaɗai yana iya sa waya lafiyayya ta riƙa tsayawa. Ki kuma duba bayan wayar da gefen sikirin da kyau. Batir mai shekara uku da ke shan zafi yana iya kumbura, alamarsa marfin baya ya ɗago ko sikirin ya fara rabuwa da jikin wayar. In kin ga haka ki daina sa mata caji, kada ki matsa ta, kada ki kwana da ita kusa da kai, a fara canja batir kafin komai. Canja batir ba ya taɓa abin da ke ciki.

Akwai wani yanayi da ake kira Safe mode, wanda waya ke tashi da manhajojin da ta zo da su daga kamfani kawai, duk wanda aka sauke daga baya yana nan amma a kwance. A yawancin wayoyi, in kika riƙe maɓallin kunnawa har Power off ya bayyana, sai ki ɗora yatsa a kansa ki riƙe, za ta tambaye ki ko ta shiga. Wata hanyar ita ce ki danne na rage murya da zarar tambarin kamfani ya fito lokacin da take tashi, ki riƙe har ta gama. Za ki ga an rubuta Safe mode a ƙasan sikirin. In ta zauna lafiya a wannan yanayi, kin gano cutar: manhajojin da aka turo ne, haɗe da cikar wuri. Daga bayaninki na tallan da ke faɗowa da zafin da take yi, nan na fi zato.

Tana zaunawa, kada ki fara goge-goge. Kwashe kaya tukuna. A haɗa ta da kwamfuta da igiyar caji mai kyau, a zaɓi File transfer a kan wayar. In babu kwamfuta, ana sayar da ƙaramin mahaɗi da ake kira OTG wanda ke ba waya damar karɓar filas. Abin da za a nema shi ne jakar WhatsApp, wato foldarsa a cikin ma'ajiyar wayar. A sababbin wayoyi tana cikin Android, cikin media, cikin com.whatsapp, a tsofaffi kuwa tana fili da sunanta. Muryoyin suna cikin Media, a jakar da aka rubuta WhatsApp Voice Notes. Ki ce a fara da ita, domin saƙon murya ba shi da nauyi, na shekaru ma yana iya kwafuwa cikin 'yan mintoci. Ba za ki ga sunan Mama a jikinsu ba, kowanne yana farawa da PTT sai shekara da wata da rana, da kwanan watan za ki gane su daga baya a natse. Bayan ita sai jakar Databases, inda hirarrakin suke a kulle, sai hotuna. Bidiyo ya zo ƙarshe. In ta sanƙare ana tsakiyar aiki, a tilasta mata ta tashi a ci gaba daga inda aka tsaya, ko sau nawa ne.

Sai kaya sun fita sannan a yi shara. A cikin Safe mode ɗin a shiga jerin manhajoji a cire duk abin da yaron ya sa, da duk wata mai cewa ita mai share waya ce ko mai sanyaya batir ko mai ƙara gudu, don irin waɗannan galibi su ne gidan talla. A lura da wadda ba ta da suna ko hoto a jerin. In akwai WhatsApp na jabu irin su GB a cire shi, kamfanin WhatsApp yana iya rufe asusun WhatsApp na masu amfani da su. Daga nan a kashe wayar a sake kunnawa ta fita daga Safe mode, a rage bidiyoyin guruf, na biki da na wa'azi da na barkwanci da aka turo miki sau biyar-biyar. A cikin saitin WhatsApp akwai Manage storage da ke jero miki duk abin da ya wuce megabait 5. Ki samar mata sarari ko da gigabait biyu ne zuwa uku. Waya kamar ɗaki ce, in kaya suka cika har bakin ƙofa ko tsintsiya ba ta da wurin juyawa. Abu ɗaya kawai: a saitin waya, Clear cache ba shi da illa, amma Clear data ko Clear storage a kan WhatsApp zai share hirarrakinki. Kalmomin sun yi kama, aikinsu ya sha bamban.

Wata yiwuwar kuma, wayar ba ta sanƙare ba, gilashin ne ya daina jin taɓi. Gwajin mai sauƙi ne: lokacin da ta tsaya, ki duba ko agogonta na tafiya, ki danna maɓallin murya ki ga ko alama ta fito. In haka ne, a ɓare gilashin kariya in ya fashe, a goge maiƙo da gumi, a cire ta daga caja, domin caja mara kyau tana rikita taɓi. In duk bai yi ba, a jona linzamin kwamfuta ta OTG ɗin nan, kibiya za ta fito a sikirin, ki buɗe wayarki ki kwashe abin da kike so.

Mai gyaran da kika je wurinsa ban ce macuci ba ne. Filashin shi ne aiki mafi sauri a teburinsa, kuma yawancin masu kawo masa waya so suke ta tashi kawai. Ke buƙatarki daban ce, sai kin faɗa masa da bakinki: kaya nake so a fito mini da su, ba a goge komai sai na ce. In ya ce ba zai iya ba, ki gode masa ki nemi wani. Masu Tecno da Infinix da itel suna da cibiyar gyara ta kamfani mai suna Carlcare, Samsung ma na da nata, amma can ɗin ma sai kin yi wannan bayani tun a bakin kanta, domin gogewa na cikin hanyoyin gyaransu. Batun bar masa waya da lambar buɗewa kuwa ban yarda ba, ko da mutumin kirki ne. Manhajar bankinki na ciki, lambobin matan mutane na ciki, hotunanki na cikin gida na ciki, shago kuma ba shi kaɗai ke zama ba. Ki je da maigida ko ɗan'uwanki, a yi aikin a gabanku, in ana buƙatar buɗewa ki karɓa ki buɗe da hannunki. Sim ya zauna a jakarki. Ki kuma tabbatar kin san kalmar sirrin Gmail ɗinki kafin ranar da za a goge, in ta kama a goge, saboda waya in ta tashi bayan filashin takan nemi asusun da ke kanta a da, in babu ta ƙi buɗewa.

Yanzu maganar yaron. Ya yi laifi, an ba shi aron buga gem ya wuce gona da iri, kuma ya kamata ya ji cewa abin aro ba a yi masa ƙari ba tare da izini ba. Amma ƙanwata, ke kika rubuta da hannunki cewa tun kafin azumi wayar ke kukan wuri ya cika. Ya tarar da ita a gajiye ne ya ƙarasa ta. Kuma ina jin zafin faɗan da kika yi masa ba na waya ba ne, tsoron rasa muryar Mama ne ya fito ta bakinki, shi kuwa bai san da wannan ba, gani yake a kan gem aka yi masa wannan wankin babban bargo. Kada ki ce ya biya. Ɗan makaranta ba shi da abin biya, kuɗin daga aljihun Hajiya ko na mijinki zai fito, ki sayi gabar shekaru da kuɗin da bai kai na turmin atamfa ɗaya ba. Ga abin da ya fi biya amfani: duk gidan babu wanda ya san abin da aka zuba wa wayar nan sai shi. Ki kira shi, ki ce zo ka nuna mini waɗanda ka sa mu cire tare. Yaran yanzu hannunsu ya fi namu sauri a waɗannan abubuwa, wataƙila ma shi zai samo kwamfutar da OTG ɗin. Ya gyara ɓarnarsa da hannunsa, ya kuma ga abin da ya kusa jawowa, wannan ya fi masa tsawa shiga jiki. Ki zauna kusa da shi dai, kada garin gwaninta ya danna abin da muka ce a guje wa.

Hajiya kuma ki shirya ki je da kanki, kada ki aika, kada ki yi ta waya. Abin da ya isa kunnenta shi ne matar ɗanta ta ci zarafin autanta a kan waya, kuma kowace uwa haka za ta ji. Bayan gaisuwa ki ce, Hajiya na yi wa ƙanina faɗa fiye da kima, ki yi haƙuri, muryar mahaifiyata ce a ciki shi ya sa raina ya ɓaci. Ba sai kin ƙara da lissafin laifinsa ba, ta san ɗanta. Macen da ta kai shekarunta ta binne nata iyayen, za ta gane abin da kike faɗa.

Maigida da ya ce waya ce kawai, a ganina lallashi ya yi niyya, ya dubi abin da kuɗi ke magancewa ya ce zai magance. Kin taɓa zaunar da shi kin faɗa masa abin da ke ciki, ko kin ɗauka ya sani? Ki faɗa masa a fili, ki kuma ba shi aikin da zai iya: ya samo kwamfuta, ya raka ki wurin gyara, ya yi wa Hajiya shimfiɗa kafin ki je. Sabuwar wayar ki karɓa da godiya, kina buƙatarta, wadda ta shekara uku tana ɗaukar kasuwa ta yi ƙoƙari. In da hali a nemi mai RAM gigabait 4 ko fiye da wurin ajiya gigabait 128. In tsohuwar ta farfaɗo kafin nan, WhatsApp na da hanyar kwashe hirarraki kai tsaye daga waya zuwa waya, Transfer chats a cikin saitin Chats, ana haska wata alama da kyamara komai ya koma. Don haka kada a sayar da tsohuwar ko a ba wani sai kin buɗe sabuwar kin ga komai da idonki, kin kunna kin ji.

Bashi kuwa kada ki jira waya. Yau ɗin nan ki ɗauki littafi ki rubuta duk wanda kika tuna da abin da ya karɓa. Bayanan asusunki na banki za su nuna miki wanda ya turo da ranar da ya turo, kuma kowace hira da kika yi da kwastoma akwai kwafinta a wayarsa, masu amana za su turo miki in kin tambaya. Ki tambaya a hankali, ba sai kin sanar a sitatus cewa lissafi ya ɓace ba, kada ki buɗe wa masu raunin zuciya ƙofa. Daga yanzu littafin nan ya zama shi ne asali, ko ba komai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai wayar da ma'ajiyarta ta ciki ke lalacewa, a yi duk abin da na lissafa ta ƙi. Shi ya sa nake so tun yanzu ki tuntuɓi 'yan'uwanki. Duk abin da Mama ta tura a guruf ɗin gida yana wayoyinsu, haka wanda ta tura wa kowannensu, da bidiyon suna da na biki da ta fito a ciki. Ku tattara wuri ɗaya, kowa ya tura wa kansa ta imel, a kuma zuba a filas a ba babbar yaya ta adana. Da alama a cikinsu akwai mai waya a cike irin taki, gara a yi kafin tasa ta tsaya.

In kin gwada Safe mode ya ƙi shiga, ko wayar ta koma tsayawa a kan tambarin kamfani ba ta wucewa, ki daina matsa mata, ki sake rubuto mini da sunan wayar da lambar samfurinta da ke jikin kwali, da abin da kika gani a Google Drive, sai in faɗa miki abin da za ki ce wa mai gyara.